Ina Aka Kai Rarar Kuɗin Gyaɗa? Yadda Arewa, Yamma Da Gabas Suka Juya Jarinsu

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Birnin Kudu, shi da abokinsa na Gwaram. Suna cewa, don Allah a ba su tarihin rarar kuɗin gyaɗar da iyayensu suka noma: ina aka zuba ta, kuma tsakanin Arewa da takwarorinta wa ya fi iya juya tasa?

To malamai, sai ku gyara zama. A 1949 Turawan mulki suka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ce kuma ke yanka farashi. Manomin Birnin Kudu ko na Gwaram, waɗanda a lokacin ke cikin Lardin Kano, zai sayar wa wakilan 'yan kasuwa masu lasin, irin su Alhassan Ɗantata, a tara buhuna a yi dala a Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Abin da ake biyan manomi bai kai farashin kasuwar duniya ba. Bambancin shi ne rarar, aka ce ana ajiye masa ne saboda ranar da kasuwa za ta faɗi. Haka aka yi wa masu koko da auduga da manja. Ya zuwa 1954 waɗannan hukumomi huɗu sun tara kusan fam miliyan 120, kuma da yawa daga ciki an ba gwamnatin Ingila rance ne a kan ɗan ruwa kaɗan. Kuɗi dai ba su ɓata ba, amma fa ba su haihu sosai ba.

A 1954 aka raba dukiyar ga jihohi uku. Yamma ta sami kaso mafi tsoka saboda koko, sai Arewa, sannan Gabas. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardauna, ta fi karkata ga masana'antu da haɗin gwiwa da masu jari na waje. Da haka aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 tare da wani kamfanin Ingila, aka kafa Bankin Arewa, aka gina otel ɗin Hamdala. Mai riƙe da jarin shi ne kamfanin da a yau ake kira NNDC, mallakar jihohin Arewa 19, har da taku Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991.

Jihar Yamma ta Awolowo ta soma ilmin firamare kyauta a 1955, ta buɗe gidan talabijin a 1959, aka kuma kammala dogon benen Cocoa House a Ibadan a 1965. Sai dai Hukumar Binciken Coker ta 1962 ta gano cewa an karkatar da miliyoyin fam na kuɗin koko, ta hannun wani kamfanin gidaje, zuwa hidimar jam'iyyar Action Group. Abin da ya rage shi aka damƙa wa kamfanin Odu'a a 1976.

Jihar Gabas kuwa ta sa kusan fam miliyan 2 a bankin African Continental, wanda Azikiwe ke da hannu a ciki, abin da ya jawo binciken Foster-Sutton a 1956. Da kuɗin manja kuma aka kafa Jami'ar Nsukka a 1960. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ruguza da yawa daga abin da aka shuka.

To wa ya yi zarra ke nan? Ai ya danganta da mudun da aka auna. In samar da aiki ne, masaƙun Kaduna sun ciyar da dubban gidaje shekara da shekaru. In dorewa ce, jarin da aka sa a gine-gine ya fi jure faɗuwar naira, domin Cocoa House na nan tsaye ana karɓar haya, alhali Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Bankin Arewa kuma ya narke cikin bankin Unity a 2006. In kuwa amana ce, Yamma da Gabas ne aka kafa wa waɗancan hukumomin bincike. Shi kuma ilmi, ribarsa ba ta shiga littafin akanta, amma ga ta nan ana gani.

Akwai mudu na ƙarshe, wato shi mai gyaɗar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman, dala ta ɓace daga Kano, ajiyar da aka ce ta ranar wuya ce kuwa an riga an kashe ta a wasu hidimomin. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki baki ɗaya.

Saboda haka malamai, ko ƙungiyar manoma ce ko asusun fansho aka ce ku zuba kuɗi, kada ku tsaya ga jin an ci riba. Ku tambaya: nawa takwarorinsu suka samu a shekarun nan? Ribar ta wuce tsadar kaya? A wuri ɗaya aka jibge jarin ko an rarraba? Wa ke duba littafin? Kuma nawa ne zai dawo hannun mai kuɗin?