Asalin Maganar Girmamawa a Harshen Sifaniyanci

Abin da ya fi ɗaure wa sabon mai koyon Sifaniyanci kai shi ne yadda ake yi wa mutum ɗaya magana ta hanyoyi biyu, wato tú ga aboki ko yaro, da usted ga dattijo ko baƙo ko shugaba. Aikatau kuma yakan sauya siga gwargwadon wakilin sunan da aka zaɓa, ana cewa tú hablas, kana magana, amma usted habla, wadda ita ce ainihin sigar él habla, yana magana. Dalilin da ya sa ake ba wanda ke tsaye a gaban mai magana sigar wanda ba ya nan yana cikin tarihin zamantakewar Sifaniya, kuma ɗalibin da ya san wannan tarihi ya fi wanda ya haddace jadawali kawai riƙe ƙa'idar.

Sifaniyanci ya gaji tu na tilo da vos na jam'i daga harshen Latin, kuma tun a ƙarshen daular Rum aka soma kiran babban mutum da vos, kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo ɗaya "ku". Haka manyan Kastila ta Sifaniya suka riƙa kiran juna, har kalmar ta yawaita a bakin talakawa, kwarjininta ya dusashe, ta yadda a ƙarni na 16 kiran mai daraja da vos yana iya zama cin fuska. Jam'in ma ya rikice da tilo, shi ya sa aka liƙa masa otros, wato "wasu", aka sami vosotros.

Masu neman girmamawa sai suka koma ga vuestra merced, wanda ma'anarsa ita ce "alherinku" ko "rahamarku". Mai magana ya daina ambaton mutumin kai tsaye, yana ambaton alherinsa ne, kuma tun da alheri abu ne da ake ba da labarinsa, dole aikatau ya ɗauki sigar mutum na uku. Yawan furtawa ya gutsure jumlar zuwa siffofi irin su vuesarced da vusted, har ta tsaya a usted cikin ƙarni na 17, kodayake taƙaitaccen rubutunta na Vd. yana nan ɗauke da harafin farko na asali.

A nahiyar Amurka al'amarin ya rarrabu. Meziko da Lima, inda wakilan sarkin Sifaniya suke da fada kuma hulɗa da Sifaniya ba ta yanke ba, sun bi sabon salon sun yar da vos, alhali yankunan da ke nesa da fada, kamar Ajantina da Yurugai da galibin Amurka ta Tsakiya, sun riƙe shi a matsayin kalmar kusanci, suna cewa vos hablás. Masanin nahawu Andrés Bello ya soki wannan salo a littafinsa na 1847, makarantu kuma suka daɗe suna yaƙarsa, abin da bai dace ba idan aka tuna cewa gado ne da ya girmi usted kansa. Sai a 1982 cibiyar kula da harshe ta Ajantina ta amince da vos. Vosotros kuwa ya ɓace daga maganar yau da kullum a duk Latin Amurka, inda ustedes hablan ke wadatar da kowane jam'i.

A Sifaniya tú ya bazu sosai a ƙarni na 20, musamman bayan mutuwar shugaban ƙasar, Franco, a 1975, har ɗalibai da yawa suna kiran malamansu da shi. A Kosta Rika da wasu sassan Kolombiya kuwa uwa tana iya ce wa ɗanta usted saboda ƙauna, kuma mutanen Boyacá a Kolombiya har yau suna cewa sumercé, wadda ta fito daga su merced, 'yar'uwar vuestra merced.