Daga Ja da Rawaya zuwa Ƙwaya Ɗaya

Mu da muka daɗe a ɗakin awon ciki tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, da ƙwaya biyu muka buɗi ido: ja, wato Fersolate mai ƙarin jini, da 'yar ƙaramar rawaya ta folik asid. Sai mu ƙirga mu ƙulle a leda, mu ja fatar idon mace ƙasa mu duba. In ta yi fari fat, mun san aiki ya same mu.

Rawayar nan tana da tarihi. A 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta gano a Bombay ta Indiya cewa wani sinadari a cikin yis, wanda daga baya aka gane folik asid ne, yana warkar da ƙarancin jinin masu juna biyu. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi, bincike ya tabbatar yana kare jariri daga tawayar ƙashin baya.

A 1999 UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa sinadarai 15 a ƙwaya ɗaya, har da zinki da aidin. Abin da ya fi faranta mini shi ne an gwada ta a kan matan karkara irin namu a jihar Maraɗi, kuma sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna jariransu sun fi nauyi. A 2021 hukumar ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna. Yau MMS muke ce mata.

To, nauyin nan shi ne abin tsoron mata. "Malama, an ce tana girmar da ɗa, haihuwa ta yi wuya." Ban taɓa raina wannan magana ba, domin mai faɗinta ta ga wadda doguwar naƙuda ta kashe. Nakan zaunar da ita in ce: "'Yar'uwa, jinin da za ki zubar ranar haihuwa muke tara miki." Sai in gaya mata bayan gida zai yi baƙi, kada ta firgita, ta sha bayan tuwon dare, ba da shayi ba.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya jininsu bai kai ba. Ga mai cikin fari kuma, kunya kan hana ta zuwa sai ciki ya kai wata shida, lokacin da amfanin folik asid na makonnin farko ya riga ya wuce. Shi ya sa yanzu muke bin uwar miji da ungozomar unguwa har gida, domin su ke fara sanin an yi ɓatan wata.