Daga Wasiƙa Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatu Daga Nesa a Nijeriya



Tun da na gama sakandare nake zaune a rumfar goron Baba a nan Sabo, Ibadan. Ba wai ba na son ci gaba da karatu ba ne, a'a, ni ne babba, in na tafi jami'a shekara huɗu babu mai riƙe masa ciniki. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin yadda gwamnati ta ɗauki irinmu, wato masu son ilimi amma ba su da halin zaman aji.

Abin ya daɗe. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, inda malamin firamare zai karɓi darasi a rubuce yana garinsu, ba sai ya bar aiki ba. A watan Yulin 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, wadda aka tsara za ta koyar ta wasiƙa da rediyo da talabijin. Sai dai ba ta ko shekara ba, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta dakatar da ita a Afrilun 1984.

A nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Shekara goma sha takwas ƙofar nan tana rufe, sai a 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita da sunan NOUN. Lokacin da aka rufe ta Baba yana saurayi, lokacin da aka buɗe kuwa ya riga ya tara iyali. Tsara guda ke nan ta 'ya'yan fatake da damar ta wuce su.

Daga nan kwamfuta ta shigo. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da ita a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda baki ɗaya. A 2016 aka naɗa Farfesa Abdalla Uba Adamu, mutumin Kano, shugaban NOUN, ya riƙe ta har 2021. Shi kansa Obasanjo a can ya yi digirin digirgir. Wani abin mamaki, Buharin da ya dakatar da jami'ar, shi ne ya sa hannu a gyaran dokarta a 2018 don a daidaita ta da sauran jami'o'i.

Annobar korona ce ta tona asiri a 2020. Da aka rufe makarantu, jihohi da yawa rediyo da talabijin suka koma, domin yawancin yara ba su da intanet. Bayan nan, a 2022, gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, a 2023 kuma aka ba jami'o'in intanet masu zaman kansu lasisi, irin su Miva.

To yanzu doka ta yarda da mu, saura kuɗin data da wutar cajin waya, waɗanda har yau daga aljihun ɗalibi suke fita. Duk da haka ni dai na yanke shawara, bana zan yi rajista. Baba ya ce, "In dai huhun goro ba zai bushe a hannunka ba, je ka yi." Shawarata ga samarin Sabo da Agege da Shagamu ita ce kada mu jira komai ya gyaru, tunda mun ga ƙofar da aka buɗe ana iya rufe ta.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalam.