Mai Rabo da Mai Karɓa: Daga Majalisar En'e Zuwa Hukumar Gudanarwa

A zamanin mulkin mallaka, ƙasar Zuru tana ƙarƙashin Lardin Neja ne, kuma En'e ɗinta tarayya ce ta sarautu biyar: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Kamar yadda tsarin yake a sauran sassan Arewa, En'e ke tattara haraji da jangali, ta riƙe baitulmali da kotuna da 'yan doka, ta ɗauki ma'aikata. Babban rauninta shi ne, masu zama a majalisa su yanke shawarar kashe kuɗi, galibi su ne ke karɓar albashi daga wannan baituli. Ɗan majalisa yakan riƙe sashe, kamar ilimi ko ayyuka, sannan ya zauna cikin masu duba aikin sashen.

Matsalar ta kai har Kaduna. Yawancin wakilan Majalisar Dokokin Arewa a farkon shekarun 1950 ma'aikatan En'e ne, don haka mai sukar tsarin abincinsa yake taɓawa. Shi ya sa ƙudurin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a watan Agustan 1950, na neman a yi wa mulkin En'e garambawul, ya girgiza masu sarauta, domin daga cikin gida muryar ta fito. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe hanyar shigar da zaɓaɓɓun wakilai, amma ba ta raba mai sa ido da mai cin albashi ba.

An fara rabuwar sosai a 1976, shekarar da Zuru ta koma Jihar Sakkwato. Gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara ya rushe En'e, ya ware kansiloli daban, ma'aikata daban. Tsarin mulkin 1979 ya zo da ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, na 1999 ya riƙe su: an hana jami'in gwamnati jefa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa, an hana shi cin albashin muƙamai biyu lokaci guda. Ma'aikacin da ke son takarar majalisar dokoki kuwa, sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe.

Wannan ya tsare ƙofar da ma'aikaci ke bi ya shiga majalisa. Wadda ta fi wuyar tsaro ita ce ta komawa: ɗan hukumar gudanarwa da ya hango kujerar shugabanci mai albashi ta faɗi, ya yi murabus yau, ya miƙa takardar nema gobe. A takarda bai karya doka ba. Amma da shi aka tsara sharuɗɗan aikin, da shi aka yanke albashin, kuma abokan zamansa na jiya su ne za su yi masa tambayoyi. Wanda ya zo daga waje ya shiga tseren da aka riga aka sha masa gaba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A 1645 majalisar Ingila ta zartar da dokar da ta tilasta wa 'ya'yanta sauka daga muƙaman soja da na gwamnati. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya hana a naɗa ɗan majalisa, cikin wa'adinsa, a muƙamin da aka ƙirƙira ko aka ƙara wa albashi a wannan wa'adi, ko da ya yi murabus. Hikimar ita ce lokaci: murabus kaɗai ba ya goge tasirin mutum.

Zancen ya shafi Zuru ta yau, wadda ke da Jami'ar Noma ta Tarayya tun 2020, da ƙananan hukumomi huɗu a masarautar, ga kwamitocin makarantu da asibitoci. A ƙasar da ƙwararru ba su da yawa, kowa kuma ɗan'uwan kowa ne, hana ɗan hukuma neman aiki har abada asara ce. Abin da ya dace shi ne a rubuta ƙa'ida tun kujera ba ta faɗi ba: ya bayyana niyyarsa, ya fita daga duk zaman da ya shafi muƙamin, a kuma sa tazarar lokaci tsakanin saukarsa da nemansa. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Mutumin kirki ma ƙa'idar na yi masa rana, domin idan ya sami kujerar, ba wanda zai ce shi ya yanka wa kansa.