Takobin Ipolit da Rigar Annabi Yusuf

Ranar da na nuna wa ɗalibaina a nan Tasawa hoton wani tsohon zane, na ba su labarinsa, wata yarinya ta ce, "Malam, ai wannan labarin Zulaiha ne." Ta yi gaskiya, amma da saura.

Zanen na Pierre-Narcisse Guérin ne, wani Bafaranshe. Ya yi shi a 1802, zamanin da masu zanen Turai suka koma kwaikwayon tsohuwar Girka da Rum, yau yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Labarin ya girme shi nesa: Euripide ya yi wasan kwaikwayonsa a Atina a shekara ta 428 kafin haihuwar Annabi Isa, Racine ya sabunta shi a 1677.

Fedra, matar Sarki Teze, ta kamu da son Ipolit, ɗan mijinta. Saurayin ya ƙi. A wasan Racine, tsohuwar da ta rene ta ce ta juya maganar, ta ce wa sarki yaron ne ya nemi uwargida, ga takobinsa shaida. Wannan zaman Guérin ya zana: Fedra da takobi a hannu, tsohuwa tana yi mata raɗa, Teze yana hararar ɗansa, Ipolit a tsaye da karnukan farauta, ya miƙa hannu yana musu.

Teze bai bincika ba, ya tsine wa ɗansa. Dodo ya fito daga teku, dawakan keken yaron suka firgita, suka ja shi a ƙasa har ya mutu. Sai da Fedra ta sha guba ta faɗi gaskiya.

A Suratu Yusuf kuwa, wani daga dangin matar ya ce a duba rigar. Aka ga daga baya ta yage. An ɗaure Annabi Yusuf duk da haka, amma ya rayu har matar ta amsa laifinta a gaban sarki.

Kada wani ya ɗauka darasin shi ne mata maƙaryata ne. Yarinya nawa ta kawo ƙara ta gaskiya aka toshe mata baki don rufin asirin gida? Laifin Teze shi ne yanke hukunci da fushi. Iyaye da malamai, ranar da aka kawo mana ƙarar yaro ko yarinya, mu ji kowane ɓangare shi kaɗai, mu duba riga, sannan mu ɗaga murya. Tsinuwar da ta fita baki ba ta komowa.