Bakin Kakaki da Bakin Turombon: Tarihin Ƙaramin Ƙarfen da Ke Haifar da Sauti

Ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela tana zaune ne tsakanin manyan fadoji biyu da aka sani da busa kakaki. Daga kudu akwai Sakkwato, daga arewa akwai Agadas, gidan da Agabba ya fito ya ci ƙasar Adar a 1674, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar da ke Illela. Saboda haka kunnen mutanen wannan yanki ya daɗe da sanin muryar kakaki. Ya kuma san muryar badujalar soja a faretin 18 ga Disamba, inda ake busa turombon, wato ƙahon nan na tagulla da ake zuge shi gaba da baya. Mai kallo yakan tsaya ga tsawon kayan busar da ƙyallinsu. Amma sautin yana farawa ne daga wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba, wanda mabushi ke ɗora wa leɓe. Shi muke kira bakin busa.

Kakaki da turombon ƙa'idarsu ɗaya. Mabushi yana matse leɓɓansa ya hura iska, leɓɓan su yi karkarwa, dogon bututun kuma ya ƙara wa karkarwar ƙarfi. Bakin busa shi ke riƙe leɓɓan, kuma gaɓoɓinsa huɗu ne: da'irar da leɓe ke zama a kai, ɗan ƙoƙon da ke ciki, maƙogwaron da iska ke ratsawa, sai hanyar da ke buɗewa zuwa bututu. Ƙoƙo mai zurfi yana ba da murya mai kauri da taushi. Marar zurfi yana ba da murya mai kaifi, yana kuma sauƙaƙa hawa sama. Maƙogwaro mai faɗi yana ƙara amo, amma yana shan numfashi. Da'ira mai faɗi tana hutar da leɓe, sai dai tana rage masa saurin sauya murya.

Abin sha'awa, kayan busar biyu sun bayyana cikin tarihi a ƙarni ɗaya. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kakaki ɗan gidan dogayen ƙahonin ƙarfe ne na ƙasashen Musulmi, irin nafir na Maroko. A wannan ƙarni na 15 ne kuma maƙeran Turai suka ƙera turombon, aka fara jin sa a fadar Burgundi. Tsawon bututun turombon ya kai mita 2.7 in an miƙe shi, kakaki ma yakan wuce mita 2. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Turawa sun fara amfani da turombon ne a coci da fada, yana rakiyar muryoyin mawaƙa. Bakinsa na wancan zamani da'irarsa shimfiɗaɗɗiya ce, gefen maƙogwaronsa kuma yana da kaifi, abin da ya ba shi murya bayyananniya da ba ta danne ta mutane. Da ɗakunan kiɗa suka girma, makaɗa suka yawaita, sai aka buƙaci amo mai cika wuri. Beethoven ya sa turombon cikin babban kiɗansa na biyar a 1808. Sannu a hankali maƙera suka faɗaɗa bututu, suka goge kaifin maƙogwaro, suka zurfafa ƙoƙo.

Vincent Bach, mabushi ɗan Ostiriya da ya koma Amurka, ya fara ƙera bakin busa a New York a 1918, ya kuma ba kowane girma lamba. Har yau da lambobinsa ake ciniki. Faɗin 12C milimita 24.5 ne, shi aka saba ba ɗan koyo. Faɗin 6½AL milimita 25.4, na 1½G kuwa, na babban turombon mai murya ƙasa, milimita 27. Bambancin da bai kai milimita 3 ba shi ke raba muryar da ke tsaga fili da wadda ke gurnani kamar hadari.

Maƙerin Hausa bai bi wannan hanya ba, domin buƙatar fada daban ce. Bakin kakaki haɗe yake da gaɓar farko ta bututun, kuma yawanci murya biyu ake fitarwa, ta sama da ta ƙasa. Wanda bai san dawa ba zai ce gazawa ce. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa, don haka muryoyin nan biyu sun isa su kwaikwayi kirarin sarki har mai sauraro ya gane. Kakaki ba ya rakiyar waƙa, sanarwa yake yi cewa sarki ya fito, kuma aikinsa a ji shi daga nesa, a daren Juma'a ko ranar hawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Sauran kayan busarmu ma darasi ne. Ƙahon gwanki a gefe ake huda masa baki. Ita kuwa algaita ba leɓe ke karkarwa ba, ɗan kara ne a cikin baki, da faifan da ke tokare leɓɓa don mabushi ya kumbura kumatu ya riƙa shaƙa ta hanci ba tare da busar ta yanke ba.

Me wannan tarihi ke gaya wa malamai da iyaye? Na farko, babu bakin busa da ya fi kowanne. Akwai dai wanda ya dace da aiki da kuma bakin mai shi. Yaron da aka miƙa wa bakin da ya fi ƙarfin numfashinsa zai danna ƙarfe a leɓe har ya kumbura, ya gaji, a ce ba shi da baiwa, alhali kayan ne ba nasa ba. A fara masa da matsakaici, kuma a wanke shi kafin ya je bakin wani yaro.

Na biyu ya fi nauyi. Ilimin Bach yana rubuce da lamba, kowa na iya ƙera irinsa. Na kakaki yana hannun maƙeri da leɓen mabushi, uba ya koya wa ɗa. Ranar da ɗan ya zaɓi wata sana'a, ilimin ya bi tsoho kabari. Malamin kimiyya a Malbaza ko Ƙonni na iya neman izinin Sarkin Busa a fadar da ta fi kusa, ya kai ɗalibai da ma'auni da littafi, su auna faɗin baki da zurfinsa, su rubuta abin da mabushi ya faɗa. A yini ɗaya sun koyi darasin sauti da na tarihi, sun kuma adana abin da ya rayu fiye da shekara 500.