Yaƙin Biyetnam a Finafinan Gaskiya

Finafinan gaskiya, wato waɗanda ake haɗawa da hotunan ainihi da bakin waɗanda abin ya faru a gabansu, sun daɗe suna bin tambaya guda kan yaƙin Biyetnam: shin Amurka ta san da wa take faɗa? Na farko-farko ba su damu da ita ba. A 1965 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da Why Vietnam, farfaganda ce tsagwaronta, wadda ta ɗauki yaƙin a matsayin shingen tare kwaminisanci.

Hearts and Minds na Peter Davis, wanda ya fito a 1974 ya kuma ci kyautar Oscar, shi ya sauya akala. A ciki an nuna jana'izar wani sojan Biyetnam ta Kudu: yaro yana kuka gaban hoton mamacin, wata dattijuwa tana kiciniyar faɗawa cikin kabarin ana riƙe ta. Nan take sai ga Janar William Westmoreland yana cewa mutanen Gabas ba su ɗauki rai da tsada kamar Turawa ba. An zargi Davis da son kai wajen jera hotunan, amma dai maganar daga bakin janar ta fito.

Errol Morris ya zaunar da Robert McNamara, sakataren tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968, a fim ɗin The Fog of War na 2003. McNamara ya ce a rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962 Amurkawa sun tsira ne domin suna da Llewellyn Thompson, tsohon jakada a Mosko, wanda ya san halin shugaban Tarayyar Sobiyet, Khrushchev. A Biyetnam ba su da irinsa. Sai da McNamara ya je Hanoi bayan yaƙi, tsohon ministan harkokin wajen Biyetnam Nguyen Co Thach ya tuna masa cewa ƙasarsu ta shafe shekara dubu tana fafatawa da Sin. Washington ta ɗauke su 'yan amshin shatar Beijing ne, alhali su yaƙin 'yancin kai suke yi, kamar wanda suka yi da Faransa.

Shirin Ken Burns da Lynn Novick na 2017, kashi 10 cikin kusan awa 18, ya ba tsofaffin sojojin Biyetnam ta Arewa da mayaƙan Viet Cong fili suka yi magana da harshensu, duk da masu suka sun ce labarin bai bar hannun Amurkawa ba.